YUNWA BA TA TAƁA YIN ZAKARAN DAMBE BA



Yau kan dambe zan yi magana, kuma ina neman afuwar dattawan majalisa tun kafin in fara, domin na san wasu ba za su ji daɗi ba. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk inda aka zauna hirar dambe, ko a teburin mai shayi nan Tungan Maje, ko a tashar Zuba ana jiran mota ta cika, sai ka ji wani ya gyara murya ya ce ai dambe ya mutu, maza sun ƙare, 'yan damben da sun fi na yanzu saboda wahala ce ta gasa su. Wai yunwa ce ke sa hannu ya yi nauyi. Wai yaran yanzu sun ci shinkafa da taliyar leda jikinsu ya mutu. Abin mamaki, shekarun da na yi a Ingila na ji tsofaffin Turawa na faɗin irin wannan magana game da nasu 'yan damben, cewa mayunwacin ɗan dambe shi ne abin tsoro. To ni dai na ce ƙarya ce. Yunwa ba ta taɓa ƙara wa ɗan dambe komai ba, rage masa kawai take yi. Kuma ƙarya ce mai cutarwa, domin akwai masu cin abinci da ita, akwai kuma waɗanda take kashewa.

Mu fara da namu na gida, tunda shi aka fi kafa hujja da shi. Mai karatu, don Allah a wane lokaci ne kakanninmu suke yin dambe? Da kaka. Sai an yanke gero da dawa, an kai dammuna gida, rumbu ya cika, an ci sabon hatsi jiki ya murmure, sannan za ka ji kalangu ya tashi a dandali. Ba a kiran dambe a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ana noma da kunun kanwa a ciki. Mutanen da ba su je makarantar likita ba, amma sun san cewa buhun da babu komai a ciki ba ya tsayuwa. Sannan su wa aka sani da dambe tun asali? Mahauta, 'yan fawa. Wato a duk talakawan gari, mutanen da suka fi kowa kusa da nama da romo da hanta su ne suka gaji ɗaura zare. Idan ayarin 'yan dambe ya sauka a wani gari, akwai sarkin fawa da masu gari da za su ba su masauki, a kai musu tuwo da fura har a watse. Idan kaka ta wuce kowa ya koma sana'arsa, raunin da ya samu ya sami watanni yana warkewa. To ina yunwar take a nan? Al'adar da ake fakewa da ita ma ita ce ta fara ƙaryata maganar.

Ban ce Shago ba gwarzo ba ne. Wa zai ce haka? Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kore mazaje ne, kuma ba don marigayi Ɗan Anace ya wake su ba da yawancinmu ba mu san su ba. Amma a nan ne gizo ke saƙar. Makaɗi mai kisa yake yi wa waƙa. Babu wanda ya yi wa yaron da aka karya wa muƙamuƙi a ƙauye waƙa, wanda ya koma gida aka ɗaure shi da tsumma, bai ƙara tauna nama ba har ya mutu. Babu wanda ya rubuta adadin waɗanda idonsu ya tsiyaye, ko waɗanda suka tsufa hannu na rawa, suna magana harshe na sarƙewa, mutanen gari na cewa ai jifa aka yi musu. Muna ƙirga mutum ɗaya da ya haye kogi, mun manta da waɗanda ruwa ya ci, sannan mu zauna muna yabon kogin.

Tunda namu na gargajiya ba a ajiye lissafinsa a takarda ba, bari mu leƙa damben zamani, na safar hannu, inda aka rubuta komai, rana da wata da shekara. Ɗauki Dick Tiger, wanda sunansa na yanka Richard Ihetu, mutumin Amaigbo a jihar Imo ta yanzu, da aka haifa a 1929. Ya taso yana tsintar kwalabe yana sayarwa a kasuwar Aba. A 1955 ya tafi Liverpool neman sa'a. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a wannan gari na bakin teku ya san irin sanyin da nake nufi, mai shiga har cikin ɓargo. Mutumin ya sauka babu kayan sanyi na kirki, abincin bai karɓe shi ba, kuɗin dambe ba ya isa, sai da ya kama aiki a masana'antar fenti, ya yini yana aikin ƙarfi sannan da yamma ya ja jiki zuwa wurin atisaye. Me ya faru? Wasanninsa huɗu na farko a Ingila duk an yi nasara a kansa. Huɗu a jere! Idan da gaske wahala ce ke yin zakara, ai lokacin ne ya kamata ya share kowa, domin bai taɓa shan wahala irin ta wannan lokaci ba.

Sai da ya canja manaja, ya sami mai horaswa da ya zauna da shi, jikinsa ya saba, cikinsa ya ɗauka, sannan aka ga ainihin Dick Tiger. A 1957 ya doke Terry Downes, a 1958 ya karɓe kambun ƙasashe rainon Ingila daga hannun Pat McAteer, a 1959 ya koma Amurka, a watan Oktoban 1962 ya doke Gene Fullmer ya zama zakaran duniya a ajin matsakaita nauyi. Yana da shekara 33 a lokacin, shekarun da wasu ke shirin ajiye safar hannu. A watan Agustan 1963 ya sake lallasa Fullmer a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, shekara 11 kafin Muhammad Ali da George Foreman su kara a Kinshasa. A 1966 ya hau aji na gaba ya karɓe kambu daga José Torres. Yau idan ka duba lissafinsa za ka ga nasara 60, rashin nasara 19, canjaras 3, sai wani yaro da bai san komai ba ya taɓe baki ya ce ai an sha dukansa. Takardar ba ta nuna maka abin da ya ci da safe ranar wasan, ba ta nuna maka awa nawa ya yi yana ɗaukar gwangwanin fenti. Tambayar da ta dace ita ce, da wannan bawan Allah ya sami abinci da horo tun yana ɗan shekara 18, ina zai tsaya? Talauci ya cinye masa shekarun ƙuruciyarsa, abin da ya rage ne ya ci duniya da shi. Kuma ƙarshensa ma abin tausayi ne: yaƙin basasa ya cinye dukiyarsa, ya yi gadi a wani gidan tarihi a New York, ya dawo gida ya rasu da ciwon dajin hanta a watan Disamban 1971 yana da shekara 42.

Idan mai karatu na ganin na zaɓo misali ɗaya ne da ya yi mini daɗi, ga wani daga Amurka, wanda ya fi fitowa fili. Jersey Joe Walcott baƙar fata ne da aka haifa a 1914, ya fara damben kuɗi a 1930, daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Shekara goma sha yana dambe yana aikin leburanci, ga 'ya'ya shida, wani lokaci da tallafin gwamnati ake ɗora tukunya a gidansa. Yakan karɓi wasa ba tare da shiri ba don kawai a sami na cefane, ya fara da kyau, turmi na tafiya ƙarfi na ƙarewa, a ƙarshe a buge shi. Kowa ya ɗauke shi ɗan dambe na cikon benci, har ya kusa haƙura da sana'ar. Wajen 1945 wani mai shirya wasanni, Felix Bocchicchio, ya ɗauki nauyin gidansa domin ya daina komai ya fuskanci atisaye. Shi ke nan fa abin da ya canja. Hannun nan dai shi ne, ƙafar nan ita ce, shekaru ma sun ƙaru. A watan Disamban 1947 ya kai Joe Louis ƙasa har sau biyu, alƙalai suka ba Louis da ƙyar, 'yan kallo na ihun an yi rashin adalci. A watan Yulin 1951 ya buge Ezzard Charles a turmi na 7 ya zama zakaran duniya na masu nauyi yana da shekara 37, kuma babu wanda ya ci wannan kambu da shekarun da suka fi haka sai George Foreman a 1994. Mutum ɗaya, rayuwa biyu. Da yunwa ya zama abin duka, da ƙoshi ya zama sarki. Wane bayani kuma ake nema?

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini: to malam, me ya sa kusan duk manyan 'yan dambe daga gidan talakawa suka fito? Amsar ba ta da wuya. Ɗan mai kuɗi ba ya sayar da fuskarsa. Wanda ubansa zai kai shi jami'a me zai kai shi tsayawa a gaban ƙato ana dukan kansa don a ba shi na abinci? Talauci shi ne ke koro dubban yara zuwa cikin fili, wannan gaskiya ne. Amma koro mutum fili daban, ba shi nasara daban. A cikin dubban nan, wanda Allah ya haɗa shi da mai ciyar da shi da mai koya masa shi ne ke fita, sauran su ƙare a matsayin tsanin da wasu ke takawa. Sam Langford, wanda masana ke sakawa cikin gwanayen da aka taɓa yi a duniya, ya ci gaba da dambe ido na mutuwa saboda ba shi da wata hanyar ci, har a 1944 wani ɗan jarida ya gano shi a wani ɗaki a unguwar Harlem, makaho, ba shi da ko sisi. Shi ma talaucin ne ya yi masa gata?

Sai batun horo da kula da lafiya. A zamanin da, ɗan dambe talaka ba ya iya cewa a'a. Hannu a kumbure zai shiga, haƙarƙari na ciwo zai shiga, an buge shi makon jiya zai shiga, domin idan bai shiga ba gidansa ba a hura wuta. James Braddock ya yi ta shan kashi a farkon shekarun 1930 saboda yana dambe da karyayyen hannun dama, yana kuma dako a tashar jiragen ruwa. Da hannun ya sami hutu ya warke, sai ga shi ya doke Max Baer a 1935 ya zama zakaran duniya. Tun a 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya yi rubutu kan cutar da yawan dukan kai ke jawo wa 'yan dambe: tangaɗi kamar mashayi, rawar hannu, mantuwa, sarƙewar harshe. Abin da muke cewa jifa ko sammu, likitoci sun san sunansa kusan shekara 100 ke nan. Shi ya sa a damben zamani idan aka sumar da mutum ake dakatar da shi kamar wata guda ko fiye kafin ya sake shiga. Shi ya sa bayan mutuwar ɗan Koriya ta Kudu Kim Duk-koo a 1982 aka fara rage turmin damben kambu daga 15 zuwa 12. Su da suka ga gawa sun gyara dokokinsu. Mu kuma muna nan muna cewa maza ba sa hutu.

Ku dubi tarihin ƙasarmu a gasar Olamfik, shi kaɗai ya isa wa'azi. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya ci kambun duniya a birnin Paris a 1957, kuma shi ma sai da ya je Liverpool ya sami horon da babu shi a gida. Da ya ajiye dambe ya dawo ya zama mai horas da 'yan damben Najeriya. Lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta taɓa samu a kowane irin wasa, dambe ne ya kawo ta: tagullar Nojim Maiyegun a Tokyo a 1964. Isaac Ikhouria ya ƙara tagulla a Munich a 1972, shekarar da Issaka Daboré ya ciyo wa 'yan uwanmu na Nijar lambarsu ta farko, ita ma a dambe. Peter Konyegwachie ya kawo azurfa a 1984, David Izonritei da Richard Igbineghu suka kawo azurfa biyu a 1992, Duncan Dokiwari ya kawo tagulla a 1996. Daga nan fa shiru, har gasar Paris ta 2024 babu ko ɗaya a dambe. To jama'a, tsakani da Allah, daga 1996 zuwa yau yunwa raguwa ta yi a Najeriya ko ƙaruwa? Idan yunwa ce sinadarin, ai da yanzu sai mun nemi ɗakin ajiye zinare. Abin da ya ragu shi ne sansanin horo, da kayan aiki, da gasar makarantu, da abincin 'yan wasa. Shi kuwa Maiyegun, a Austriya ya ƙarasa rayuwarsa cikin makanta, ya rasu a 2024.

Kyuba ba ƙasa ce mai arziki ba, amma ta ɗauki yaranta tun suna ƙanana, ta ciyar da su, ta ba su malamai da likitoci, shi ya sa Teófilo Stevenson ya ci zinare sau uku a jere, 1972 da 1976 da 1980. Anthony Joshua da muke tinƙaho da shi cewa jininmu ne na Shagamu, sai da ya kai shekara 18 ya fara dambe a wani ƙaramin kulob a arewacin Landan, cikin shekara biyar ya ci zinaren Olamfik na 2012. Me ya yi wannan aiki? Sansanin horo na Sheffield, da kuɗin da Ingila ke warewa, da masu auna masa abinci da barci. Da a nan ya taso, da wataƙila yana gadin ƙofar wani otal, muna wucewa muna cewa kai, wannan ƙato da zai yi dambe.

Abin da ya sa na ɗauki zafi shi ne wannan “zamanin da” da muke magana bai wuce ba a wurinmu, yana nan da ransa. A watan Maris na 2025 ɗan damben Najeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Bukom da ke Accra, ya ce ga garinku nan, yana da shekara 40. Jami'an hukumar damben Najeriya sun ce bashin da ke kansa ne ya sa ya karɓi wasan. Namu na gargajiya kuwa ya tashi daga wasan kaka ya koma sana'ar kullum. Gidajen dambe irin waɗanda suka yi suna a Dei-Dei da Maraba a kewayen Abuja, da na Sabon Garin Kano, sun mai da shi abin yi rani da damina, Kudu da Arewa da Guramaɗa kowa na neman suna. Wannan ba laifi ba ne, sana'a ce. Amma hutun da kaka ke bayarwa ya tafi, ciyarwar sarkin fawa ta tafi, ba a kuma kawo wani abu a madadinsu ba. Ina ganin samari 'yan ci-rani a wannan yanki namu, daga Katsina da Zamfara da Sakkwato, su yini suna dako a kasuwa, su sha garin kwaki da ƙuli, da yamma su ɗaura zare. Idan ƙarfi ya gaza sai a cike gurbin da ƙwaya da hayaƙi. An kashe yaro yau, idonsa ya juya, an zuba masa ruwa ya farfaɗo, jibi ka gan shi ya sake fitowa domin kuɗin sa zare shi ne abincinsa. Mu kuma muna gefe muna tafi, muna ɗauka da waya.

Wa ke cin ribar cewa wahala ce ke yin namiji? Duk wanda zai kashe kuɗi idan aka daina faɗin haka. Mai karɓar kuɗin ƙofa ba sai ya ɗauki likita ba. Mai saka bidiyon a YouTube, miliyoyin mutane na kallo daga ƙasashen duniya, ba sai ya raba ribar da wanda aka fasa wa baki ba. Jami'in wasanni ba sai ya yi bayanin inda kuɗin sansani ya shiga ba. Ɗan siyasa ya zo ya yi liƙi a gaban kyamara, ya sa babur ko mota a gasa sau ɗaya a shekara, a yi masa kirari, ya tafi. Kuma ka lura, duk masu yabon yunwar nan babu wanda ke yabonta da cikinsa a wofi. Da ƙoshi ake faɗin wannan magana, yawanci ana sakace haƙori.

Ni abin da nake nema ba shi da yawa, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Duk gidan damben da ke karɓar kuɗin ƙofa ya ajiye ma'aikacin lafiya da motar da za ta kai mutum asibiti. Wanda aka yi wa mummunan kisa a hana shi sa zare na wata guda, a kuma ba shi na abinci a wannan wata, in ba haka ba zai tafi wani gari ne ya shiga. A daina saka ƙananan yara gaban manya don a ba 'yan kallo dariya. Kamfanonin da ke shirya dambe don intanet su rubuta yarjejeniya da Hausa, a karanta wa ɗan wasa a gaban shaidu, ya san rabonsa. Shugabannin ɓangarori su kafa asusu na dindindin domin tsofaffi da waɗanda suka nakasa, kada a bar su sai an yi musu ajo sannan su ga kuɗin magani. Hukumar wasanni ta ƙasa da aka sake kafawa a 2024, tunda dambe na cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa, ta fito da waɗannan ƙa'idoji a rubuce. Ga katafaren filin wasa a Abuja da aka gina don gasar Afirka ta 2003, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga nan. Yaran da ke da hannu suna Zuba da Dei-Dei da Gwagwalada, babu mai zuwa nemansu.

Mazan jiya sun cancanci yabo, har fiye da wanda muke yi musu, domin sun yi abin da suka yi ne talauci na riƙe da ƙafarsu. Mu yabe su, mu tsine wa abin da ya riƙe su. Wanda kuma ya ƙi yarda, ga shawara: ya kwana biyu bai ci ba, ya zo a ɗaura masa zare turmi ɗaya kacal, sannan mu ci gaba da muhawara.

Mai ƙorafi ko ƙarin bayani, musamman tsofaffin 'yan dambe da makaɗa da suka ga jiya suka ga yau, ƙofa a buɗe take. Allah ya ji ƙan mazan da suka riga mu, ya ba na raye lafiya da abin sawa a baki.

Wassalam. Naku, daga Tungan Maje.